Dashen Manhaja da Matsalar Fayil ɗin Gini



1.0 Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau wani ɗan rubutu ne wanda galibin masu amfani da kwamfuta ba su taɓa ganinsa ba, ba su ma san da zamansa ba, alhali kuwa kusan duk manhajar da ke cikin wayarsu ko kwamfutar ofishinsu ta hanyarsa ta samu. Wannan rubutu shi ne zan riƙa kira fayil ɗin gini, watau takardar da ke bayyana yadda za a ɗauki abin da mai tsara manhaja ya rubuta a mayar da shi manhaja mai aiki. Zan bi sawun ƙoƙarin da masana suka yi tun daga 1976 na sauƙaƙa rubuta irin wannan fayil, musamman domin a iya ɗauke manhaja daga wata irin na'ura a kai ta wata. Daga nan in nuna abin da aka samu da abin da aka yi hasara wajen neman sauƙin, sa'an nan in kawo abin da nake ganin ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su riƙe.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, domin mai sauraro ya riƙa auna shi da hujjojin da zan kawo. Fayil ɗin gini rubutu ne kamar kowane rubutu, kuma ma'aunin sauƙinsa shi ne mutum na biyu, wanda ba shi ya rubuta ba: shin zai iya karantawa ya gane, ya gyara, ya kuma lura idan wani ya cusa abin da bai dace ba?

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan 'yan kalmomi, domin kada magana ta shige mana duhu. Mai tsara manhaja yana rubuta umarninsa ne cikin harshen da ɗan Adam zai iya karantawa, kamar C ko C++ ko Rust. Wannan shi ne rubutun asali. Ita kuwa na'ura ba ta jin wannan harshe. Abin da take ji lambobi ne kawai, kuma kowace irin ƙwaƙwalwar na'ura da nata lambobin. Saboda haka akwai wata manhaja da ke tsayawa tsakani tana juya rubutun asali zuwa lambobin na'ura, wadda za mu kira tafinta. Babbar manhaja ba ta zuwa a fayil ɗaya. Takan kasu gida ɗari ko dubu, kowane kashi sai an miƙa wa tafinta ya juya shi, sa'an nan a harhaɗa su bisa tsari, a haɗa su da waɗansu ayyuka da wasu suka riga suka rubuta suka tanada, waɗanda za mu kira rumbuna. Wannan aiki gaba ɗaya shi ne gini.

Kalma ta ƙarshe ita ce dashe, na kuwa aro ta ne daga masu noman rani. Mai noman albasa ko tumatir yakan yafa iri a wuri ɗaya, in ya yi ƙwari ya cire ya dasa a wata ƙasa. Irin bai sake ba, ƙasar ce ta sake. Haka dashen manhaja yake: rubutun asali ɗaya ne, amma ana so ya yi aiki a inda ba don nan aka rubuta shi ba. Bambancin ƙasar kuwa ta fuska uku yake zuwa. Na farko ƙwaƙwalwar na'ura, domin irin x86 da kamfanonin Intel da AMD ke ƙerawa dabam take da irin ARM da ke cikin yawancin wayoyin hannu. Na biyu uwar manhaja, watau wadda ke riƙe da ragamar na'urar duka, kamar Linux ko Windows ko macOS ko FreeBSD. Na uku shi ne tafinta da rumbunan da ke cikin na'urar, da sunayensu, da inda aka ajiye su.

3.0 Asalin Make

Labarin ya faro ne a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara uwar manhajar Unix a 1969. A 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix cikin harshen C, wannan kuwa shi ya buɗe ƙofar dashe, domin ko'ina aka sami tafintan C akwai begen Unix ta rayu. A 1977 Richard Miller ya dasa ta a kan na'urar Interdata 7/32 a Jami'ar Wollongong ta ƙasar Ostireliya, aka tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne.

A wancan zamani mai tsara manhaja da ka yake riƙe waɗanne fayiloli ya taɓa, waɗanne ne ke bukatar a sake miƙa su ga tafinta. Stuart Feldman, wanda ya ƙirƙiro manhajar Make a 1976, ya ba da labarin cewa wani abokin aikinsa, Steve Johnson, ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a cikin manhajar da an riga an gyara ta, ashe fayil ɗin da aka gyara ne ba a sake ginawa ba. Dabarar da Feldman ya kawo mai sauƙi ce ƙwarai. A rubuta fayil ɗaya, mai suna Makefile, a jera ƙa'idoji a ciki, kowace ƙa'ida ta faɗi abu uku: abin da ake son samu, abubuwan da ya dogara a kansu, da umarnin da zai samar da shi. Alal misali, a ce muna da manhajar lissafin albashi mai kashi biyu:

albashi: lissafi.o rahoto.o
	cc -o albashi lissafi.o rahoto.o

Layin farko yana cewa albashi ya dogara ga kashin lissafi da kashin rahoto. Layi na biyu shi ne umarnin haɗa su. Ita Make sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil a ƙarshe. In ta ga abin dogaro ya fi abin da aka gina sabunta, sai ta sake ginawa, in ba haka ba ta ƙyale. Da wannan aka sauke wa mutum nauyin tunawa aka ɗora wa takarda. Aikin ya yi tasirin da a 2003 ƙungiyar ACM ta masana kwamfuta ta ba Feldman lambar yabo saboda shi.

Akwai wani ɗan aibi a nan da ya cancanci a ambata. Layin umarni dole ya fara da alamar Tab. In mutum ya sa tazarar talakawa a maimakonta, ginin sai ya tsaya, ga shi kuma a ido ba a bambanta su. Feldman da kansa ya ce ya bar abin haka ne domin cikin 'yan makonni ya riga ya sami masu amfani da Make wajen mutum goma sha biyu, ba ya son ɓata musu aiki. Har yau ɗalibai suna tuntuɓe da wannan Tab. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

4.0 Hanyoyi Uku na Gane Ƙasar Dashe

Make ta warware matsalar tunawa, amma ta bar matsalar dashe a inda take. A shekarun 1980 Unix ta rarrabu gida-gida: ga BSD ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ga System V ta kamfanin AT&T, ga kuma SunOS da HP-UX da AIX da Ultrix da Xenix na kamfanoni dabam-dabam. Duk 'yan gida ɗaya ne, amma kowace da karin harshenta. Aikin neman harafi a cikin jimla, alal misali, a BSD sunansa index, a System V kuwa strchr. Aikin kwafe bayani daga wuri zuwa wuri a can bcopy, a nan memcpy. Saboda haka wanda ya karɓi manhaja sai ya buɗe Makefile ya yi ta gyara da hannu, yana cire wannan layi yana mayar da wancan, kafin ta ginu a na'urarsa. Ƙa'idar POSIX da aka fitar a 1988 ta rage ɓarakar, amma ba ta ɗinke ta duka ba.

Masana sun gwada hanyoyi uku. Ta farko ita ce a tambayi mutum. Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiro harshen Perl, ya haɗa manhajarsa ta karanta labarai mai suna rn, ta 1984, da wani jerin umarni mai suna Configure, wanda ke leƙa na'ura yana kuma yi wa mai gini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Hanyar ta yi aiki, sai dai tana ɗauka cewa wanda ake tambaya ya san amsa.

Ta biyu ita ce a ajiye rajistar na'urori. Wannan ita ce hanyar imake, wadda aka yi amfani da ita wajen gina X Window, tsarin da ke zana tagogi a fuskar kwamfutocin Unix. Ga kowace uwar manhaja akwai fayil da ke bayyana halayenta, imake ta duba sunan na'ura ta ɗauko bayanin da ya dace. Raunin wannan a fili yake: na'urar da ba ta cikin rajista ba ta da rabo, kuma rajistar takan tsufa da zarar kamfani ya fitar da sabon abu. A Disamba 2005 masu kula da X suka koma wata hanyar.

Ta uku, wadda ta yi rinjaye, ita ce a gwada. David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991 lokacin da yake kula da waɗansu manhajojin GNU. Hikimarsa ita ce a daina tambayar na'ura sunanta, a tambaye ta abin da ta iya. Ana son sanin ko akwai strchr? Sai a rubuta 'yar ƙaramar manhaja mai amfani da shi a miƙa wa tafinta. In ta ginu, akwai. In ta ƙi, babu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Amfanin wannan shi ne manhaja tana iya ginuwa a kan na'urar da marubucinta bai taɓa jin sunanta ba, har ma wadda ba a ƙera ba tukuna sa'ad da ya yi rubutun. Marubuci yakan jera gwaje-gwajen da yake so a ɗan gajeren fayil, Autoconf ta faɗaɗa shi ta hanyar wani harshe mai suna m4, ta haifar da dogon jerin umarni mai suna configure. Daga nan aka sami umarni uku da duk wanda ya taɓa gina manhaja a Unix ya haddace: configure, sai make, sai make install.

5.0 Faɗi Abin da Kake So

Mataki na gaba shi ne a rage abin da mutum zai rubuta da hannunsa. An lura cewa yawancin Makefile maimaici ne: yadda za a girka manhaja, yadda za a share tarkacen gini, yadda za a ƙunshe ta domin rabawa. MacKenzie ya fara Automake a 1994, Tom Tromey ya sake rubuta ta a 1995. Da ita, manhajarmu ta albashi layi biyu take bukata:

bin_PROGRAMS = albashi
albashi_SOURCES = lissafi.c rahoto.c

Jama'a ku lura da abin da ya faru. A misalin farko mun gaya wa na'ura yadda za ta yi aiki. A wannan kuwa mun gaya mata abin da muke so ne kawai, watau ga sunan manhaja ga kayan haɗinta, sauran bayani na'ura ta cike. Wannan ita ce babbar ƙa'idar da duk sauƙin da aka samu daga baya ya hau kanta.

Misali mafi kyau na wannan ƙa'ida, a ganina, shi ne tarin dashe na FreeBSD da Jordan Hubbard ya kafa a 1994. Matsalarsu ita ce dubban manhajoji da wasu mutane suka rubuta domin wasu na'urori, ana so su yi aiki a FreeBSD. Sai aka tattara duk ilmin da ake maimaitawa, na ɗauko manhaja daga intanet, da tabbatar da ba a sauya ta a hanya ba, da buɗe ƙunshinta, da yi mata faci, da ginawa, da girkawa, aka zuba a fayil ɗaya mai suna bsd.port.mk. Mai dashe sai ya rubuta ɗan Makefile da bai fi cika fom ba: sunan manhaja, lambar fitowarta, rukuninta, inda ake samunta, wanda ke kula da ita, da abubuwan da ta dogara a kansu. A layin ƙarshe ya kira wancan babban fayil. Gyare-gyaren da manhajar ke bukata domin ta zauna a FreeBSD ana ajiye su dabam a matsayin faci, kowa yana iya ganin abin da aka taɓa. Ta haka tarin ya haura manhaja 30,000, yawancinsu kuwa 'yan sa kai ne ke kula da su. NetBSD ta ɗauki tsarin a 1997 ta yi nata mai suna pkgsrc, wanda shi kansa yana aiki a kan uwayen manhaja da dama. Ma'aikacin gwamnati zai gane hikimar nan da nan, domin ita ce hikimar fom: an yi dogon tunani sau ɗaya a hedkwata, wanda ke ƙaramin ofis gurabe kawai yake cikewa.

6.0 CMake da Meson

Autoconf da 'yan'uwanta 'yan gidan Unix ne, ba su saba da Windows ba. A ƙarshen shekarun 1990 Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya ɗauki nauyin wata manhaja ta nazarin hotunan jikin ɗan Adam mai suna ITK, wadda dole ta ginu a Unix da Windows duka. Domin wannan bukata Bill Hoffman na kamfanin Kitware ya tsara CMake, wadda ta fito a 2000. Ita CMake ba ta gini da kanta. Takan karanta bayani ɗaya ta rubuta fayil ɗin ginin da ya dace da wurin: Makefile a Unix, fayilolin Visual Studio a Windows, na Xcode a kwamfutocin Apple. Da babban aikin KDE ya koma kanta a 2006 sai ta sami karɓuwa sosai.

A farkon shekarun 2010 Evan Martin, wanda ke aikin manhajar Chrome a Google, ya rubuta Ninja. Ya raba aikin biyu da gangan: Ninja sauri kawai ta sa gaba, kuma fayilolinta ba a nufin mutum ya rubuta su da hannu, wata manhaja ce za ta haifar da su. A 2013 Jussi Pakkanen ɗan ƙasar Finland ya fitar da Meson, wadda ke zaune a kan Ninja. Abin lura game da Meson shi ne an taƙaita harshenta da gangan, har ba a yarda marubuci ya ƙirƙiri nasa sababbin ayyuka a ciki ba. Dalili kuwa shi ne duk harshen da ya ba mutum damar yin komai, wata rana sai an rubuta abin da ba mai iya karantawa da shi. Aikin GNOME ya fara ƙaura zuwa Meson gadan-gadan a 2017, PostgreSQL kuma ta ƙara ta a fitowarta ta 16 a 2023.

7.0 Farashin Sauƙi

To, ina gizo yake saƙa? Yana saƙa ne a tazarar da ke tsakanin ɗan gajeren abin da mutum ya rubuta da dogon abin da na'ura ta haifar. A 2012 Poul-Henning Kamp, ɗan ƙasar Denmark kuma ɗaya daga cikin tsofaffin masu aikin FreeBSD, ya yi kuka a wata maƙala cewa configure na Libtool, 'yar'uwar Autoconf, ya haura layi 31,000, kuma yana ta gwada abubuwan da kowace na'ura ta daɗe da mallaka. Rubutu mai wannan tsawo ba mai karanta shi. An kuma saba cewa marubuci ya haifar da shi a na'urarsa ya cusa cikin ƙunshin da yake rabawa, saboda haka abin da ke cikin ƙunshin ya bambanta da abin da ke cikin ma'ajiyar rubutun asali da kowa ke dubawa, kuma ba wanda ke mamakin bambancin.

Ranar 29 ga Maris 2024 duniya ta ga abin da wannan al'ada ke iya jawowa. Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu aikin PostgreSQL, ya lura cewa shiga wata na'urarsa ta hanyar SSH, watau ƙofar da ake bi a sarrafa kwamfuta daga nesa, yana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, yana kuma jinkiri na kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'urar Linux, a fitowarta ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya yi aikin, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimako har aka amince masa aka ba shi ikon fitar da manhajar. Muguwar ƙullalliyar ya ɓoye ta ne cikin fayilolin gwaji, makunninta kuwa ya sa shi a wani fayil na m4 mai suna build-to-host.m4, wanda ke cikin ƙunshin rabawa amma ba ya cikin ma'ajiyar da ake dubawa. Watau ɓarawo bai bi ta ƙofar da ake gadi ba, ya bi ta fayil ɗin gini, inda ya san idanu ba sa zuwa. An yi sa'a an gano kafin abin ya kai ga yawancin fitowar Linux da ma'aikatu ke amfani da su.

Akwai wani ɗan ƙarin bayani da ke nuna cewa sabon kayan aiki kaɗai bai isa kariya ba. A fayil ɗin CMake na xz ɗin, mutumin nan ya saka ɗigo guda a cikin 'yar manhajar da ke gwada ko na'ura tana da wata kariya ta Linux mai suna Landlock. Ɗigon ya sa gwajin ba ya ginuwa ko'ina. Kun tuna ƙa'idar gwaji: in ta ƙi ginuwa, babu. Saboda haka ginin yakan ɗauka cewa kariyar ba ta nan, ya wuce shiru ba tare da ita ba. Hikimar da ta sauƙaƙa dashe ita ce aka juya ta zama makami, domin gwaji ba ya bambanta rashin abu da lalacewar ma'auni.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Mai sauraro yana iya cewa wannan duk rigimar masana ce a ƙasashen Turai da Amurka. Amma ƙasar da manhajojinmu ke tsaye a kanta tana sakewa ko mun so ko mun ƙi. A 2020 kamfanin Apple ya fara mayar da kwamfutocinsa daga ƙwaƙwalwar Intel zuwa irin ARM. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10. Ranar 19 ga Janairu 2038 kuma, da ƙarfe 3 da minti 14 na dare agogon GMT, ma'aunin lokaci na tsofaffin manhajojin Unix masu ƙirga daƙiƙoƙi da gurbi 32 zai cika ya juye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin akwai manhajar da sai an sake gina ta ko an dasa ta. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu hannu a ba da kwangila, ina da shawara uku. Ta farko, ma'aikatar da ta biya kuɗi aka rubuta mata manhajar albashi ko ta haraji ko ta rajistar filaye, kada ta wadatu da manhaja mai aiki, kada ma ta wadatu da rubutun asali kaɗai. Ta nemi fayil ɗin gini da jerin duk rumbunan da aka dogara a kansu tare da lambobin fitowarsu. Rubutun asali ba tare da waɗannan ba kamar a miƙa maka bulo da siminti ne a hana ka zanen gida. Ta biyu, kafin a biya kason ƙarshe, a sa wani ma'aikaci wanda ba ya cikin masu kwangilar ya gina manhajar a kan sabuwar kwamfuta, yana bin abin da aka rubuta kaɗai, ba tare da ya buga wa kowa waya ba. In ta ƙi ginuwa, aiki bai ƙare ba. Ta uku, a riƙa maimaita wannan gwaji ko da sau ɗaya a shekara, domin fayil ɗin gini yana ruɓewa a ajiye yayin da duniyar da ke kewaye da shi ke sakewa. Aikin Debian ya fara wani yunƙuri tun 2013 na tabbatar da cewa mutum biyu da suka gina rubutu ɗaya za su sami sakamako iri ɗaya daidai wa daida, wannan kuwa shi ne matuƙar abin da ake nema.

Ga ɗalibai kuwa, ku koyi rubuta Makefile da hannu ko da sau ɗaya kafin ku koma ga kayan da ke rubuta muku shi, domin wanda bai san abin da ake haifarwa ba ba zai gane ranar da aka haifi abin da bai dace ba. Ku gwada abin da na'ura ta iya, kada ku dogara ga sunanta. Ku sa ginin ya riƙa faɗin sakamakon kowane gwaji a fili, kuma in abin da aka rasa ya shafi tsaro, ginin ya tsaya cak. Wanda ke neman inda zai fara ba da gudummawa, ɗaukar nauyin dashe guda a tari irin na FreeBSD ko pkgsrc makaranta ce mai kyau. Ɗaliban harshe ma suna da ƙofa a nan. A manhajojin da ke amfani da tsarin fassara na gettext, shigar da sabon harshe cikin gini yakan kasance ƙara layi ɗaya ne a fayil mai suna LINGUAS, tare da fayil ɗin fassarar. Alamar Hausa a wannan layi haruffa biyu ce, ha. Sauƙin da masana suka yi shekaru suna nema shi ya sa ragowar aikin ya zama na mai fassara.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga matakai huɗu. Make ta ɗauke tunawa daga kan mutum ta mayar a takarda a 1976. Autoconf ta koya mana gwada na'ura maimakon tambayar sunanta a 1991. Automake da tarin dashe na FreeBSD, sa'an nan CMake da Meson, sun koya mana faɗin abin da muke so mu bar wa na'ura cike bayani. Abin da ya faru da xz a 2024 kuma ya tuna mana cewa duk rubutun da aka daina karantawa ya zama maɓoya. Saboda haka idan aka kawo muku sabon kayan aiki aka ce yana sauƙaƙa rubuta fayil ɗin gini, tambayar da za ku yi ita ce: wanda zai gaji wannan aiki bayan shekara goma, a kan na'urar da ba a ƙera ba tukuna, zai iya karanta abin da aka bar masa?

Shugaban zama, jama'a masu sauraro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi da gyare-gyare.